Ɗinki a gida ko a kai Chaina: wanne ya fi wa mai ƙaramin jari?

Ummi_Jilbab:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar nan. A Kano nake, ina sayar da jilbabi da dogayen riguna ta Instagram da WhatsApp. Har yanzu ɗinkakku nake sarowa a Kwari in ɗora riba, amma ina so in fara fitar da nawa zanen, da sunana a wuyan riga. Wani wakili ya ce zai haɗa ni da masana'anta a Guangzhou, sai dai ba sa karɓar ƙasa da guda 300 a kowane zane, kuma sai na ba da kafin alƙalami kafin su sa almakashi. A nan gida kuma akwai shagunan da suka ce ko guda 20 ne za su yi min, amma kuɗin kowace riga ya ɗara na can. In an ajiye kishin ƙasa a gefe, wace riba ce ta zahiri ke cikin ɗinkin gida ga mai ƙaramin jari irina? Don Allah wanda ya gwada ya faɗa min, daɗin da rashin daɗin.

Hajiya_Rabi:
Wa alaikumus salam 'yata. Ki daina kallon kuɗin riga ɗaya, ki kalli inda jarinki zai kwana. In kika zuba shi duka a guda 300 na zane ɗaya, kin ɗaure kanki da wannan zanen har ya ƙare, ko ya karɓu ko bai karɓu ba. Kuma ba wanda ya san abin da zai karɓu sai kaya sun fita kasuwa. Ni kaɗan nake yankawa, a kala uku ko huɗu, in ɗauki hoto in saka. Kafin mako ya zagayo masu saye sun gama yi min bayani: wannan kalar ta ƙare, waccan ko tambayarta ba a yi ba, wannan kuma an ce hannun ya matse. Sai in koma Kwari in ƙaro yadin wadda ta tafi kaɗai, a buɗa hannun, a sake yanka. Kafin kayan mai odar waje su sauka a Apapa, ni na juya kuɗina ya dawo na sake juyawa. Ribar kowace riga ba ta kai tata ba, amma ba ni da ɗakin da na cika da kayan da suka ƙi tafiya.

Abba_Kwari:
Hajiya maganarki a kan hanya take, amma a faɗa wa yarinyar nan ɗaya ɓangaren. Ni yadi nake sayarwa a cikin Kwari. A cikin duk abin da ake jilbabi da shi, wanne ne aka saƙa a ƙasar nan? Daga Chaina yake zuwa, wani daga Indiya, wani ya biyo ta Dubai. Zik, maɓalli, duwatsun ado, har allurar keke duk na waje ne. Keken kansa, Juki na Japan ne, Jack da Butterfly na Chaina. Shaddar Getzner da manya ke sawa daga Ostiriya take. To abin da ya rage na gida hannun tela ne kaɗai. Mai masana'anta a can a bakin masaƙa yake sayen yadi, ke kuma sai ya bi ta hannu uku kafin ya iso gare ki. Ta yaya za ki kamo shi a farashi?

Malam_Sabo_Tela:
Alhaji Abba a kan yadi ba ka faɗi ƙarya ba. Amma hannun telan nan shi ke raba rigar da za ta sayu da wadda za a dawo da ita.

Ummi, abin da zan ja hankalinki a kai shi ne telan awo daban, mai ɗinkin sari daban. Telan awo ya saba ya auna mutum, ya zana da alli a kan yadi, ya yanka da ido. Ki ba shi guda 20 a sayis ɗaya, za ki karɓi riguna 20 kowacce da nata faɗin, kuma ba don bai iya ba, haka aka koya masa aikin. Ɗinkin sari sai da kwalin yanka. A fitar da kowane sayis a kwali, a shimfiɗa yadi hawa-hawa a kan dogon tebur, a ɗora kwalin a yanke su gaba ɗaya. Sannan a raba aikin: wannan haɗa hannu ne nasa, wannan wuya, wannan wibin (ɗaure bakin yadi kada ya warware), na ƙarshe ya yanke zare ya yi guga ya ninke. Duk shagon da kika shiga ki ce su nuna miki kwalayensu da teburin yanka. In babu, ki yi musu sallama cikin mutunci ki ƙara gaba.

Maman_Hanif:
Ni dai saɓa alƙawari ne ya kore ni daga ɗinkin gida. Na ba wani shago kayan yara tun kafin azumi, har aka sauko daga Idi rabi ba su fito ba. Masu oda suna kira, ina ba da haƙuri ina mayar da kuɗi. Kayan sallar yara in sallah ta wuce wa zai saya?

Hajiya_Rabi:
Allah ya mayar miki da alheri Maman Hanif, wannan ciwon ba wanda bai sha shi ba a cikinmu. Sai dai in Sha'aban ya raba tsakiya, kowane tela ya cika da ɗinkin awo, kuma shi ya fi kawo masa kuɗi, dole naki ya koma ƙarƙashin tebur. Aikin sallah a Rajab ake kai shi. A lurata, bayan babbar sallah shaguna da yawa zaman jira suke, a lokacin ake samun sauƙin farashi da aiki a natse. Kuma ba a biyan kuɗin aiki duka a gaba. A ba da kaɗan, sauran a biya a kan abin da aka miƙo aka duba.

Sadiq_Fito:
Fiton kaya daga Chaina ne sana'ata, saboda haka ba ribata ba ce in hana kowa oda. Amma Maman Hanif kada ki ɗauka can ba a saɓa lokaci. Ta ruwa, daga lodi zuwa fitowa daga tashar Legas zuwa isowa Kano, ki ware wata biyu zuwa uku, ban da lokacin ɗinkin kansa. Ta sama ya fi sauri, amma da kilo ake caji, jilbabi kuwa yana da nauyi. Ga hutun sabuwar shekararsu, masana'antu su rufe na makonni, kuma a 'yan shekarun nan daf da azumi yake faɗowa. A 2025 ranar 29 ga Janairu ce, azumi kuma ya kama a farkon Maris. Wanda bai gama odarsa tun Disamba ba, sai dai ya sayar a babbar sallah.

Sai maganar canji. A Yunin 2023 da aka saki naira, dala a farashin hukuma ta tashi daga wajen 460 ta haura 700, a farkon 2024 ta wuce 1,500. Na ga mutanen da suka ba da kafin alƙalami a wani farashi, lokacin biyan ciko ya zo a wani farashin, suka kasa fitar da kayansu.

Abba_Kwari:
Ai wannan canjin mu ma bai bar mu ba, yadin ma da dala ake saro shi.

Sadiq_Fito:
Haka ne Alhaji. Amma kai ka ɗauki wannan kasadar, kai da ke da jarin ɗaukarta. Ita Ummi yadin riga 20 za ta saya a wurinka da farashin yau, ta sayar a cikin watan nan. In ta yi oda da kanta, ta ɗauko kasadar ta ɗora wa kanta na wata uku.

Baba_Kakuri:
Ina karanta ku ina tuna da. Akwai lokacin da tambayar Alhaji Abba tana da amsa. Masaƙar Kaduna Textiles (KTL) ta fara aiki a 1957, gwamnatin Arewa ta Sardauna ce ta kafa ta tare da wani kamfanin Ingila, David Whitehead. A shekarun 1960 Nortex da Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya. Auduga ta zo daga Funtuwa, Malumfashi, Gusau, Gombe, a gurza, a kaɗa zare, a saƙa, a buga zane, duk a nan. Na yi aiki a sashen saƙa na ɗaya daga cikinsu. In aka busa tashi, sai ka jira kekunan ma'aikata sun wuce kafin ka tsallaka titi. KTL ta tsaya a 2002, UNTL a 2007, ko da yake ita an sake buɗe wani ɓangare daga baya. Wuta ba ta tsayawa, baƙin man tukunyar tururi ya yi tsada, ga kayan fasa-ƙwauri suna kwararowa ta kan iyaka. Abokan aikina da yawa sun rasu suna jiran haƙƙinsu.

Abin da nake so ku riƙe, 'ya'yana: ba wanda zai zuba kuɗi ya tayar da masaƙa sai ya ga mai sayen yadinta. Masu sayen yadi kuwa ku ne. In kowa ɗinkakke yake shigowa da shi, ko an tayar da ita wa za ta sayar wa?

Zainab_Tattali:
Allah ya ƙara lafiya Baba, ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ƙari kaɗan a kan dalilan: Chaina ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Disambar 2001, sannan ranar 1 ga Janairun 2005 aka kawo ƙarshen tsarin da ke ƙayyade yawan yadi da tufafin da ƙasa za ta iya fitarwa zuwa manyan kasuwanni. Masaƙun Afirka da dama sun jigata a wannan tsakanin, ba namu kaɗai ba. A Maris 2019 Babban Banki ya hana masu shigo da yadi dala a farashin hukuma, a Oktoban 2023 kuma aka ɗage hanin. Yadin waje bai daina shigowa ba a duk tsawon lokacin. Masaƙun namu ba duka suka mutu ba dai, ta Funtuwa na cikin waɗanda suka jure.

Nafisa_Sutura:
Mu dawo kan tambayar Ummi. Akwai ribar da ba a ambata ba, ita ce sanin jikin masu saye da yanayin garinsu. Abin da aka rubuta wa XL a can, a nan da ƙyar yake shiga mai matsakaicin jiki, tsawon kuma ya tsaya a ƙwauri, alhali matanmu so suke riga ta rufe idon sawu. Ana son hannun da za a iya naɗewa a yi alwala ba tare da an tuɓe ba. Mai shayarwa tana son zik a gaba. Aljihu ya yi zurfin da waya ba za ta faɗo ba. Ga zafin Afrilu, wanda duk ya sa yadin roba zalla a Kano ko Sakkwato ya san abin da nake nufi. Duk waɗannan masu saye ne suka faɗa min ɗaya bayan ɗaya, in je shago in zauna kusa da mai yanka mu gyara kwali. Da a can ake ɗinkin, gyara ɗaya sai ya jira odar gaba, kuma sai an sayar da masu aibin tukuna.

Injiniya_Musa:
Wanda zai buɗe shagon kansa ya lissafa wuta tun farko. A Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, daga ƙasa da naira 70 zuwa 225 a kowane yunit. Shawarata, in za a sayi keken masana'anta a sayi mai mota a jikin kai, wanda ba ya jan wuta sai an taka shi. Tsohon samfuri motarsa juyawa take ko ana ɗinki ko ana hira. Sababbin kekunan kuwa, sola ƙarama ma tana ɗaukar uku ko huɗu. Abin da ke cinye wuta a shagon ɗinki dutsen guga ne, shi ya sa za ka ga keke na sola, guga kuma na gawayi.

Fati_Abuja:
Tawa matsalar masu saye ce. Riga ɗaya, in na ce ɗinkin Kano ne sai a fara neman ragi, in da an ce daga Dubai take ba mai taya ta. Har wata ta ba ni shawarar in riƙa liƙa lakabin waje a wuya.

Ustaz_Kabiru:
Malama Fati kada ki karɓi wannan shawarar. Algus ne, kuma hadisin yana cikin Sahihu Muslim, Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Ko ta fuskar kasuwa ma asara ce. Ranar da rigar ta burge wata ta tambayi inda aka samo ta, Dubai za a yaba, ke da telanki ba wanda zai san da ku.

Ɗanladi_Aba:
A Aba nake zaune, kuma wannan abin da Malama Fati ta faɗa sun sha shi kafin mu. A da masu takalma a kasuwar Ariaria ta nan Aba sunan Italiya suke bugawa a ƙasan takalmi, yanzu da yawa sunan Aba suke sawa, kuma ana saye. Sannan Ummi, in an ce gida ba Kano kaɗai ake nufi ba. Rigar sanyi, singileti, wandon jins, yunifom na makaranta da yawa, nan sun fi mu kekunan yin su, musamman yadi mai talewa da ke buƙatar kekensa na daban. Mota na tashi daga nan zuwa Kano, kwana biyu kaya sun isa. Amma jilbabi da kaftani ki bar su a Kano, hannunsu bai faɗa da yankan ba.

Isufu_Damagaram:
Salamu alaikum daga Damagaram. Mu nan yadi mai yawa daga Kano yake zo muna. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, aka kuma yanke kuran ɗin, wato wutar lantarki, da ke zuwa daga Najeriya, mun ga bambancin da idonmu. Masu saida ɗinkakku na waje shagunansu suka yi fayau, wanda ke da tela kusa da shi kuwa ya shiga Kasuwar Dole ya nemi abin da ya samu, aka taka keken ƙafa aka ci gaba, har aka buɗe a Maris 2024. Kuma game da raina kayan gida, Alphadi, mai zanen tufafi na nan Nijar, ya fara bikin nunin tufafin Afirka da ake kira FIMA a 1998 a cikin hamada wajen Agadas, manyan masu zanen tufafi na Faransa suka zo har can. Aikin maƙeranmu da dukawanmu na cikin abin da yake ƙawata tufafinsa da shi.

Aisha_Zazzau:
Malam Isufu ya taɓo inda nake. Ummi, in jilbabi marar ado za ki yi gasa da Chaina a kansa, Alhaji Abba ya yi gaskiya, sun fi ki. Inda za ki fi su shi ne abin da inji ba ya yi daidai. A cikin birnin Zariya har yau akwai masu ɗinkin hannu, aska biyu, aska takwas, maza a zaure mata a cikin gida. Ga rinin shuni a Ƙofar Mata, ga masu ɗinkin hula a Maiduguri. Ni ɗan aikin hannu nake sawa a bakin hannu da wuyan doguwar riga, kuma shi ake biya wa kuɗin, ba yadin ba.

Sai dai ina da ƙorafi a kanmu. A Afrilun 2013 ginin Rana Plaza ya rufta a Bangaladash, mutum fiye da 1,100 suka mutu, akasarinsu masu ɗinki ne da ke yi wa manyan kamfanonin Turai da Amurka aiki da araha. Muna jin wannan mu ce Allah wadai. Amma matar da ta kwashe kwanaki tana tsattsage ido a kan wuyan riga, nawa muke ba ta? Yaran shago fa da ake sallama da kuɗin abinci? In arahar ɗinkin gida daga guminsu take fitowa, ba abin alfahari ba ne.

Malam_Sabo_Tela:
Malama Aisha na karɓi rabin maganarki. Yaron koyo daban, ma'aikaci daban. Wanda iyayensa suka kawo ya koyi sana'a yana ɓata yadi yana karya allura, ba za a biya shi kamar gwani ba. Amma da zarar ya fara haɗa rigar da za a sayar, haƙƙinsa ne a yanka masa nasa a kan kowacce. Ni haka nake yi. Sai dai biyan riga-riga yana sa gaggawa, dole a ajiye mutum ɗaya da ba ya ɗinki, aikinsa ya juya kowace riga ya duba cikinta. Ku kuma masu kawo aiki, in kun matse mu a farashi har ƙashi, daga aljihun yaran nan ake cikewa.

Maman_Hanif:
Wani abu kuma, satar zane. Ka kai sabon zane shago, kafin naka ya fito ka gan shi a jikin wata.

Abba_Kwari:
Wannan kam ba inda aka tsira. Ki tura samfur can, ki zo Kwari bayan wata uku ki same shi a dila, da yadi mai araha.

Bello_Akanta:
Ummi ki ɗauki biro. A odar waje ki haɗa kuɗin samfur da aiko shi, ladan wakili, jigila, kwastan da masu fito, motar Legas zuwa Kano. Sannan kada ki raba jimlar da 300, ki raba ta da adadin da kika tabbata za ki sayar a cikakken farashi. A ce 180 ne suka tafi, sauran sai da kika karya, to kuɗin kowace riga ya canja ke nan. A ɗinkin gida ma ki yi wa kanki adalci: ƙyallen da ya zube a ƙasa, rigar da aka ɓata, kuɗin adaidaita zuwa shago da Kwari, da yinin da kika yi a can ba ki amsa masu saye ba. Mutane suna mantawa da wannan na ƙarshen, kuma shi ya fi gajiyar da masu ɗinkin gida. Akwai ranar da lissafin zai juya. In kika samu zane ɗaya marar ado da ke tafiya ɗari-ɗari kowane wata ba fashi, a nan maganar Alhaji Abba za ta fi ƙarfi.

Ummi_Jilbab:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Zan fara da kaɗan a nan, zane biyu, in nemi shago mai kwali da tebur kamar yadda Malam Sabo ya ce. Tambaya biyu suka rage min. Kwalin yankan nawa ne ko na shago, in mun rabu? Kuma in kalar da ta karɓu ta ƙare a Kwari fa?

Malam_Sabo_Tela:
In ke kika biya aka fitar da shi, naki ne. Ki faɗa tun ranar farko a gaban shaida, a rubuta, ki kuma sa a yi miki biyu ki ajiye ɗaya a gida.

Abba_Kwari:
Ta biyun ita ce abin da nake ta faɗa tun ɗazu. Yadi in ya ƙare ya ƙare, ko an sake kawowa da wuya rinin ya zo daidai da na farko, kuma ni ba ni da iko a kan masaƙar da ke wata ƙasa. Abin da zan iya, in kin ga kala ta fara tafiya ki zo da wuri ki ba da wani abu a ajiye miki bandir. Hajiya Rabi, ku da kuka daɗe, kuna ajiye yadi ne ko kuna canja kala in ta yanke?